Sun ce cikin awa shida za su raba Autanmu da ƙwaya

Assalamu alaikum, Anti. Ina da ƙane, shi ne autanmu, shekarunsa 27, yana tuƙa adaidaita sahu a nan Kano. Yau kusan shekara huɗu ke nan yana shan tiramol. Ya fara da guda ɗaya da safe don ya jure zirga-zirga, yanzu in bai sha ba ko daga katifa ba ya iya tashi. Wani lokacin yana haɗawa da kodin. Sau biyu yana yanke jiki ya faɗi yana jijjiga. Da azumin bara ya yi ƙoƙarin bari, kwana uku ya koma. Ga shi an sa ranar aurensa bayan Babbar Sallah, dangin yarinyar kuma ba su san komai ba. Baffanmu ya haɗu da wani mai kai marasa lafiya ƙasar waje, ya ce akwai asibitin da za a yi wa Auta allurar barci a wanke masa jini cikin awa shida, ya farka kamar bai taɓa sha ba, ba ciwo ba wahala. Kuɗin kuwa sai an sayar da filin da mahaifinmu ya bar mana. Umma ta amince, kullum cikin kuka take. Baffa ya ce kada a gaya wa Auta gaskiya, a ce masa duba lafiya za a je yi. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Don Allah ki ba ni shawara.

Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Ƙanwata, wannan zuciyar taki da ta ƙi kwanciya ta fi kowa gaskiya a gidanku yanzu. Kada ku sayar da filin nan, kada kuma ku yarda a kwantar da Auta a yi masa wannan aiki ko da kyauta aka ce za a yi. Zan yi miki bayani mai tsawo, don na san Baffa za ki tunkara, kuma 'ya ba ta zuwa gaban ɗan'uwan mahaifinta da "zuciyata ba ta kwanta ba" kaɗai. Sai da hujja a hannu.

Mu fara da kalmar da aka tallata muku, wankin jini. Da jin ta sai mutum ya hango injin wankin ƙoda, jini na fita ta wannan tiyo da dauɗa yana komawa ta wancan tas. To, a wannan aikin ba abin da ake wankewa, kuma babu ma buƙatar wankin, domin in mutum ya daina sha, hanta da ƙoda suna fitar da tiramol daga jini da kansu cikin kamar kwana biyu. Ki tuna azumin bara. A rana ta ukun nan da Auta ya kasa, ƙwayar ta riga ta bar jininsa, amma a ranar ce ya fi shan azaba. Da a jini cutar take, da ranar ya warke.

Cutar tana cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Tiramol, kodin, fenta, mofin da hiroyin duk 'yan gida ɗaya ne. A jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka da hanji akwai wasu mazaunai inda suke zuwa su zauna, kuma da sun zauna sai ciwo ya lafa, numfashi ya ragu, hanji ya yi sanyi, mutum ya ji komai ya yi masa daidai. Tunda Auta direba ne, ki ɗauki ƙwayar a matsayin birki. Kullum ana taka wa jiki birki, shi kuma jiki ba ya son tsayawa, sai ya riƙa ƙara murɗa totur don tafiya ta daidaita. Shekara huɗu ana a haka, birki a ƙasa, totur a ƙure. Ranar da bai sha ba an ɗage ƙafa daga birki ke nan alhali totur na nan a murɗe. Shi ne za ki ga hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye, majina, zufa, tsigar jiki na tashi, amai da gudawa, zuciya na dukan uku-uku, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya. In an bar jiki da kansa, wahalar takan fara kafin a cika kwana ɗaya, ta yi tsanani a rana ta biyu da ta uku, ta fara sauka wajen mako guda.

Na yi shekaru ina aikin jinya, na kuma sha zama a gefen gadon irin su Auta. Ba na mantawa da wani saurayi a rana ta biyu, cikin zafin watan Afrilu, fanka na juyawa, shi kuwa ya ƙudundune cikin bargo haƙoransa na haɗuwa, yana cewa, "Sista, ƙashina ake sara." Mahaifiyarsa na zaune a bakin ƙofa da fulas ɗin kunu a cinya, ta kasa shiga ta kasa tafiya. A rana ta biyar da safe shi da kansa ya ce a miƙo masa kunun nan, ya shanye kofi biyu. Ba zan ce miki wahalar ƙarama ba ce. Amma in ana kula da mutum, ana mayar masa da ruwan da ya rasa, ana ba shi maganin da zai rage masa zafin, da wuya ƙwarai wannan wahala ta kashe shi. Ki riƙe wannan, don a nan maganar take: ana so a gujar da Auta daga wahalar da ba ta cika kisa ba, a kai shi ga aikin da ya kashe mutane.

Ga yadda aikin yake. Za a yi masa allurar barci irin ta tiyata, a zura masa bututu a maƙogwaro a haɗa shi da na'urar numfashi. Sai a ɗura masa nalokson ko naltirekson, magungunan da aikinsu shi ne su fizge ƙwaya daga mazauninta su zauna a wurin. Wato a maimakon a saki birki a hankali, sai a cire shi gaba ɗaya lokaci guda. Wahalar mako guda a dunƙule ta cikin awa huɗu zuwa shida. Barcin yana hana shi sanin abin da ke faruwa, amma bai hana abin faruwa ba, zuciyarsa da huhunsa ba barci suke yi ba. Jini na iya hawa ya wuce misali, bugun zuciya ya rikice, ruwa ya taru a huhu, amai ya kuɓuce ya gangara hanyar numfashi. Bayan an tashe shi ma ba a tsira ba, domin amai da gudawa sukan ci gaba su zuƙe ruwan jiki da gishirinsa, musamman sinadarin fotasiyam wanda zuciya ke dogaro da shi wajen bugawa daidai. Wasu daga cikin waɗanda aikin ya hallaka ba a kan gadon tiyata suka mutu ba, sai bayan an sallame su. Ki hango Auta a ɗakin masauki a ƙasar da ba ya jin yarenta, ƙarfe biyun dare, daga shi sai Baffa.

Wannan ba sabuwar fasaha ba ce da ba ta iso mana ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara ta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ta bazu zuwa Amurka da sauran ƙasashe a shekarun 1990, an kuma gwada ta an ga iyakarta. A 2005 likitocin Jami'ar Columbia da ke New York suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da masu shan hiroyin 106. Sun kasa su gida uku, aka yi wa 35 wannan aiki na barci, sauran aka bi da su ta hanyoyi biyu na magani ido biyu. Waɗanda aka sa barci ba su sami sauƙin wahalar ba bayan sun farka, sun sha ta kamar kowa. Bayan mako 12, mutum 7 kacal cikin 35 ɗin suka rage a kan magani, alhali a rukunin da aka ba maganin bufirenofin 9 ne cikin 37. Babu wata riba ke nan. Ta ɓangaren hasara kuwa, mutum uku sun kusa rasa rayukansu, kuma duka ukun daga rukunin barci suke: ɗaya ruwa ya cika masa huhu, ɗaya ciwon sukarinsa ya rikice, ɗaya ciwon ƙwaƙwalwar da yake da shi ya tashi har ya fara tunanin kashe kansa.

A 2013 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani asibiti a New York ɗin dai, inda aka yi wa mutum 75 aikin tsakanin Janairu da Satumban 2012. Biyu suka mutu, wasu biyar aka garzaya da su asibiti cikin mawuyacin hali. Bakwai cikin 75, a birnin da motar asibiti ke zuwa cikin mintoci. Tun 2007 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce kada a yi wa kowa wannan aiki saboda haɗarin mutuwa, a 2009 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi haka a cikin ƙa'idojinta na maganin masu shan wannan dangi na ƙwaya. In mutumin Baffa ya ce ya san wane da wane da aka yi wa suka dawo lafiya, ba sai kin ƙaryata shi ba, mafi yawa suna farkawa. Ki dai tambaye shi ina suke bayan wata shida, ki kuma tambaye shi nawa ne kasonsa a kan kowane mara lafiya da ya kai.

Duk wannan a kan masu hiroyin da makamantanta ne. Lamarin Auta ya fi nasu sarƙaƙiya, don tiramol ƙwaya ce mai fuska biyu. Ban da zaman da take yi a mazaunan da na gaya miki, tana kuma taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu daidaita yanayin zuciya, irin yadda magungunan ciwon damuwa ke yi. Shi ya sa wasu in sun yanke ta farat ɗaya, ban da ciwon ƙashi da gudawa, sai firgici ya kama su, su rikice, wani har ya riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu, a gida a ce aljanu ne. Nalokson da naltirekson ba su da abin da za su yi wa wannan fuska ta biyu. Sannan ga jijjiga. Iyakar abin da likita ke yarda babban mutum ya sha a yini shi ne miligiram 400, ita kuwa ta bakin titi, mai 225, guda biyu kawai sun haura haka, kuma yawanta ne ke kawo faɗuwar da kika gani sau biyu. Takardar bayanin tiramadol, wato tiramol, ta asali ma ta gargaɗi likitoci cewa ba da nalokson ga wanda ya sha ta da yawa na iya ƙara haɗarin jijjiga. Likita zai ba da shi duk da haka in numfashi na neman tsayawa, don ceton rai ya fi komai. Amma a ɗauki yaron da yake tafiya da ƙafafunsa, wanda ya taɓa jijjiga har sau biyu, a ɗura masa shi da gangan, wannan garin neman gira a rasa ido ne.

Ƙari a kan haka, ba ku da tabbacin abin da yake sha. A 2025 wani binciken BBC ya nuna cewa wasu ƙwayoyin da ake shigowa da su Najeriya da Gana daga Indiya ba tiramadol ba ne, haɗin wasu magunguna biyu ne, tafentadol da karisofurodol. Kuma da yawan samarin da ke shan tiramol da safe suna neman roci ko dayazifam da dare don barci ya samu. In Auta na cikinsu, yanke waɗannan lokaci guda shi kansa yana kawo jijjigar da kan iya kisa. Wannan ya kawo ni kan shawarar Baffa ta a ɓoye masa. Likitan da zai sa mutum barci, da abin da mutumin ya gaya masa yake aiki: me kake sha, guda nawa, yaushe ka sha na ƙarshe, me kake haɗawa da shi. Wanda aka ce wa duba lafiya aka zo, ga kuma Baffansa a tsaye a kansa, me kike zaton zai faɗa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asibitin da zai yarda ya kwantar da baligi mai hankali ba da saninsa da yardarsa ba, daga nan ma ya isa a guje shi. Ko da ya farka lafiya, zai farka ne a matsayin wanda danginsa suka yaudara, alhali ku ne zai fi buƙata a watannin da ke tafe.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali, kuma ina so ki karanta shi sau biyu. A ce an yi aikin, an dace, Auta ya dawo. Jikinsa ya manta da ƙwaya, ma'ana juriyar da ya tara cikin shekara huɗu ta zube. Amma kwaɗayinta yana nan, rashin barci yana nan har makonni, kasala da ƙuncin zuciya suna nan, majalisar tana nan, mai sayarwa yana nan da lambar wayarsa. Ranar da ya zame, kuma mafi yawan waɗanda aka tsaya da su a kan cire ƙwaya kaɗai suna zamewa, adadin da ya saba zai sha, jikin kuwa ba na da ba ne. A 2003 wasu likitoci a Landan suka ba da labarin mutum 137 da suka bi sawunsu bayan an kwantar da su an cire musu ƙwaya. Uku sun mutu da shan abin da ya fi ƙarfinsu cikin wata huɗu, kuma duka ukun daga cikin waɗanda suka kammala cirewar tas suke.

Na ga irin wannan da idona. Wani yaro ne aka tsare shi watanni a wani wuri, ya dawo ya yi ƙiba ya yi fes, har uwarsa ta yi sadaka. Mako biyu da dawowarsa ya kwana a shagon abokinsa. Abokin ya ce ya ji shi yana wani irin minshari cikin dare, ya ɗauka gajiya ce, ya ja masa mayafi. Da aka kawo shi da asuba babu sauran abin da za mu iya yi.

Wataƙila a ce muku ai za a dasa masa naltirekson a ƙarƙashin fatar ciki, ko ya sha ƙwaya ba za ta yi aiki ba. Maganin na da amfani ga wanda ya zaɓe shi da kansa bayan ya riga ya rabu da ƙwaya, a hannun likitan da zai ci gaba da ganinsa. Amma yana ƙarewa, kuma ranar da ya ƙare ba a buga ƙararrawa. Wasu kuma sukan yi ta ƙara ƙwaya don su fi ƙarfinsa har su hallaka. Sannan mai tuƙi a titin Kano, in Allah ya kiyaye hatsari ya same shi, manyan magungunan kashe zafin ciwo ba za su kama shi yadda ya kamata ba, ga likitocin nan ba su san me aka dasa masa ba, wanda ya dasa kuma yana wata ƙasa.

To me za a yi? Abu na farko, ki zauna da Auta, ke da shi, ba taron dangi ba. Ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa. Kada ki fara da "ka ba mu kunya", ya riga ya gaya wa kansa wannan fiye da yadda za ki iya. Ki fara da azumin bara, ki ce masa kin ga ya gwada, kin kuma gane cewa ba rashin zuciya ne ya mayar da shi ba, ciwo ne da ke da magani. Mutumin da ya yi kwana uku shi kaɗai a ɗaki yana fama ba tare da ko farasitamol na likita ba, wannan yana son ya bari. Ki kuma gaya masa abin da Baffa ya shirya, gara ya ji daga bakinki.

Sai ku je wurin likitan ƙwaƙwalwa. A Kano akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, in kuma kuna son nesa da idon sani akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Hukumar NDLEA ma, ban da kame, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Na san abin da Umma za ta ce, ɗanta ba mahaukaci ba ne. Ki gaya mata gaskiya ne, ba mahaukaci ba ne, likitocin ne dai aka horar a kan wannan cuta. Kuma ba ku kaɗai ba ne: binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin su tiramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Layin da za ku bi a asibiti cike yake da 'ya'yan mutunci.

Likita zai tambaye shi komai, ya duba hanta da ƙoda da abin da ya sa yake jijjiga, sannan ya tsara yadda za a sauke shi. Yawanci ragewa ake yi mataki-mataki, tare da maganin da ke kwantar da bugun zuciya da zufa irin su kilonidin, da na amai da gudawa da ciwon jiki, da ruwan gishiri da sukari. Ga wanda abin ya yi wa katutu akwai metadon da bufirenofin, waɗanda ke zama a mazaunin ƙwayar su kashe kwaɗayi ba tare da sun bugar da mutum ba in an ba da su bisa ƙa'ida. Tun 2005 suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma an tabbatar suna rage mutuwa da kusan rabi ga masu ci gaba da shan su. Ba kowane asibiti ke da su ba a ƙasar nan, amma ku tambaya. In wani ya ce ai an sauya ƙwaya da ƙwaya ne, ki ce masa wanda ke tashi ya yi sallah ya tafi nema ya dawo gida da hankalinsa ba ɗaya yake da wanda ke faɗuwa a titi ba. Kada dai Auta ya ce zai rage da kansa da ƙwayar bakin titi, kada kuma ku kulle shi a ɗaki ku ce ya yanke.

Ina roƙonki ki sa ido a kan wani abu. In aka rufe wa Baffa wannan ƙofa, kada ya juya ga gidan mari, don shi ma gaggawa ce irin waccan, a miƙa yaro a dawo a karɓi gyararre. Kin dai tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Addu'a da roƙon Allah kuwa ku dage da su, Umma ta ci gaba da tashin dare, ba sa karo da zuwa asibiti.

Cire ƙwayar mako ɗaya ne ko biyu. Aikin gaske shi ne watannin da ke biye, kuma a nan kuɗinku zai yi amfani, kaɗan-kaɗan, ba sai an taɓa fili ba: kuɗin mota zuwa ganin likita, kuɗin magani, abinci, da ɗan abin da zai riƙe shi kafin ya koma nema. Domin dole ya ajiye tuƙi yanzu. Wanda ya yi jijjiga sau biyu bai kamata ya ɗauki matan mutane da 'ya'yansu a bayansa ba har sai likita ya sallame shi. In ya koma kuma, a duba abin da ya kai shi tun farko, wato fita tun asuba har goman dare don a haɗa balas ɗin mai mashin. In ba a rage wannan ba, gajiyar da ta sa ya nemi guda ɗaya tana nan tana jiransa. Ranar da ya zame kuma, kada a yi masa taron dangi a ce ya ci amana, a mayar da shi wurin likita a ranar.

Batun aure, na san shi ne ya sa kowa ke sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗaga bikin. Baffa da kansa, a matsayinsa na uba, ya je wurin waliyyin yarinyar ya ce yaronmu na da lalura, yana kan magani, muna neman a ƙara mana lokaci, ya kuma faɗi ko wace lalura ce. Ita ce za ta kwana ɗaki ɗaya da shi, ita za ta farka ta gan shi yana jijjiga, tana da haƙƙin ta sani ta zaɓa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yaudare mu ba ya cikinmu. Wataƙila su jira, wataƙila su fasa, kuma in sun fasa zai yi zafi, sai ku tsaya kusa da Auta sosai a makonnin nan. Amma in aka rufe aka ɗaura, kafin wata uku za ta gane da kanta, a lokacin kuma ga ƙwaya ga rikicin aure. Ki sani kuma, wasu samari suna shan tiramol ne saboda harkar iyali, abokai na zuga ango a kan haka. Wannan magana ce da ya kamata ya yi da likitansa a keɓe kafin ranar.

Kafin duk wannan ya kankama, ku san abin yi in ta ɓaci, ke da Umma da duk wanda ke kwana kusa da shi. In kuka ga barcinsa ya yi nauyi an tashe shi ya ƙi tashi, numfashi na fita da ƙyar ko da wani irin minshari mai gurnani, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance kamar kan allura, leɓe ya canza launi, kada ku ɗura masa madara ko manja, kada ku tsaya watsa masa ruwa. Ku kwantar da shi a gefensa, ku nufi asibiti mafi kusa nan take, ku gaya wa likita abin da ya sha ba tare da kunya ba. In jijjiga ce, kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi, a kawar da abin da zai buge shi, in ta lafa a juya shi gefe a tafi asibiti.

Shi kuma Baffa, ki je masa da ladabi, don tsoron kada ɗan ɗan'uwansa ya lalace a hannunsa ne ya sa shi wannan sauri. Kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki ce, "Baffa, kafin a sa hannu a takardar fili, ina roƙon alfarma ɗaya, mu je tare da kai da Auta wurin likitan ƙwaƙwalwa a nan gida, ka gaya masa abin da mutumin nan ya ce, mu ji amsarsa." In da hali ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, ko limamin unguwarku, ya raka ki. Ranar da za ku je, ki ce wa Auta ya taho da fankon duk abin da yake sha, har wanda bai taɓa gaya muku ba, ya miƙa wa likita da hannunsa.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya wa Umma zuciya. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likitan.